Muna Ƙirga Dami, Ba Ma Ƙirga 'Ya'ya

Mu mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji akwai lissafin da muka ƙware a kansa, akwai kuma wanda ba ma taɓawa ko da sanda. Tambayi magidanci dami nawa ya ɗaure bana, kafin ka rufe baki ya faɗa maka, har da na zakka da wanda ya biya bashin damina. Tambaye shi awaki, ya san wadda ta yi ɓari da wadda ta haifi tagwaye. Amma ka ce, "Malam, yaran nawa ne?" sai ya gyara zaman hula ya ce, "Alhamdu lillahi, akwai albarka." Uwa kuwa sunan ɗan fari ma ba ta kamawa, balle ta sa shi a ƙirga. Kunya ce da tsoron baki, haka muka taras, kuma ni ina ganin akwai kyau a cikinta.

To, mu dai ba mu ƙirga ba, gwamnati ta ƙirga mana. Ƙidayar 2001 ta sami 'yan Nijar miliyan 11, ta 2012 ta sami miliyan 17, jihar Maraɗi ita kaɗai miliyan 3 da dubu 400. Binciken lafiya na 2012 ya ce mace a ƙasar nan tana haihuwa 7.6 a tsaka-tsaki, ta Maraɗi kuwa ta haura 8. Da aka sake bincike a 2021 sai aka ce adadin ƙasa ya sauko zuwa 6.2. Muka ji a rediyo muna fadar shayi, kowa ya juya ya kalli maƙwabcinsa. Wa ya rage? Ba wanda ya ɗaga hannu. Duk wanda ka tambaya zai ce shi gidansa ba a san wannan magana ba, amma ai lissafi ba ya sauka da kansa.

Mun san yadda ake yi, laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hangen na wani. Mace ta goya yaro ta ce za ta kai shi awo, ta biya ɗakin ungozoma a yi mata allurar wata uku, ko a sa mata 'yar ashanar nan a dantse, ta dawo da lulluɓinta kamar ba a yi komai ba. Katin asibitin kuma ba ya kwana a ɗakinta, yana can ƙarƙashin jeren kwanonin ƙawarta. Maigida fa? Sau da yawa ya sani sarai. Ya ga shekara biyu ta wuce ba laulayi, ya ga matarsa ta yi ƙiba ta koma sana'ar ƙuli-ƙuli, ransa ya yi fari, amma da ya zauna a fada shi ne mai babbar murya: wannan abu na Turawa ne, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, ba ya hanawa. Sai dai mu ɗin nan ne kuma muke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma ba wanda ya taɓa ƙin zuwa gona don ya dogara da wancan karin maganar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka mai da tazarar haihuwa baƙuwa alhali a gidanmu aka haife ta. Kakanninmu ba su san allura ba, amma sun san mace ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta yi wankan jego kwana arba'in, ta sha kunun kanwa, ta shayar da ɗanta har ya yi ƙafa ya yi baki kafin a yi zancen ƙane. Malamanmu sun karantar da mu a Suratul Baƙara cewa shayarwa cikakkiya shekara biyu ce. Har gobe in mace ta yi ciki da goyo a bayanta, kunika ke nan, a bakin rijiya ma sai an yi da ita. Wa ke zagin? Uwar miji. Wa ke leƙowa bayan shekara ɗaya tana cewa, "Wance, shiru har yanzu?" Ita ce dai, baiwar Allah. Mijin da ya jawo kunikar kuwa ba mai ce masa kanzil, sai ma a ce masa namijin duniya. Ranar shuka duk cikinmu ba mai zuba iri rami kan rami, sai an yi taki an bar fili, don mun san abin da cunkoso ke yi wa gero. A ɗaki ne kawai muke manta wannan ilimi.

Ga kuma tseren kishiyoyi, wanda ba a buga masa ganga amma kowa ya san ana yi. Uwargida na da biyar, amarya ta shigo ta ga lissafin gado, ta ɗaura ɗamara. Uwargida da ta fara tunanin hutu ta ce ina, ba za a bar ni a baya ba. Kada mu ga laifinsu, a gidan da rabon mace ya rataya a kan yawan 'ya'yanta maza, wace ce za ta yarda ta huta? Mu maza kuma da kaka ta yi kyau, aka sayar da aya da wake, kuɗi suka ɗumama aljihu, tunanin farko ba rumbu ba ne. Sai ka ji ana cewa wane zai ƙara. Watan bakwai na zagayowa, ga shi a ƙofar mai shago yana neman tiya biyu bashi, amaryar ma da ciki.

A nan raha take ɗan tsayawa a maƙogwaro, don gonar ba ta haihuwa. Gandun da kaka ya noma da 'ya'yansa an raba shi gida takwas, na takwas ɗin an sake rabawa, yau wani abin da ya gada bai fi ya tsaya a tsakiya ya yi magana da maƙwabtansa huɗu ba. Hutun gona ya zama labari. Da ƙasa ta yi ƙaranci, wadda aka fara karɓe wa ita ce mace: gamanar da take noma 'yar gyaɗarta da kuɓewarta aka haɗe, aka ce ta zauna gida ta huta, har abin ya sami suna, kullen gona. Hutun da muka hana ta a ɗaki shi muka ba ta a gona, inda ba ta roƙa ba. Samari kuma da an gama girbi sai bida, wasu Katsina da Kano, wasu Legas, wasu Agadas har Libiya, a bar mata da yara da rumbun da ba zai kai bazara ba.

Wanda ya ga yunwar 2005 ba sai an ba shi labari ba. Jiharmu, da ake kira rumbun ƙasa, ita ce ta cika cibiyoyin tamowa, likitocin ƙungiyar MSF suna karɓar yara dubbai a Maraɗi. Dubi layin da kyau a kowace shekara in damina ta yi tsakiya: uwa ramammiya, ɗaya a baya, ɗaya a hannu, ɗaya a ciki. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. In an ba ta 'yar ledar gyaɗar nan ta mai tamowa, ta isa gida yara biyar sun zuba mata ido, ta raba musu. Likita ya yi faɗa, amma wace uwa ce za ta ba ɗaya ta hana huɗu?

Aurar da 'ya'ya mata da wuri kuma mun riƙe tuta. Binciken 2012 ɗin nan ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a Maraɗi abin ya kusa tara cikin goma. Dalilinmu ba mugunta ba ce, tsoron abin kunya ne, ga makarantar gaba da firamare ta yi nisa da ƙauye, ga bakin ciyarwa ya yi yawa. Amma yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba in naƙuda ta yi mata kwana biyu a ɗaki, muna jiƙa rubutu muna jiran amalanke, ƙarshenta wani lokaci asibitin Danja ne, inda aka buɗe cibiyar gyaran yoyon fitsari a 2012. Mijin da ya yi rawar kai wajen ɗaurin aure sau da yawa ba ya cikin masu jinya.

Ban yarda da masu zuwa da farar mota su ce talaucinmu duka haihuwa ce ba. Ruwan sama fa? Tsadar taki fa? 'Yan bindiga fa, da suka koro dubban 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a 2019, mutanen Gidan Rumji suka buɗe musu zaure suka raba tuwo da su tun kafin agaji ya iso? Talakan da ba shi da fansho, 'ya'yansa ne fanshonsa, kuma wanda ya binne uku ba ka da bakin ce masa ya tsaya a huɗu. Taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a ma abin da ya tsayar ke nan: a daina bin mutane da adadi, a kula da lafiyar mace da karatunta da zaɓinta. Nijar ta ɗan taka wannan hanya. Daga 2006 aka ce awon ciki da tiyatar haihuwa da maganin tazara da jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, ko da yake kuɗin da gwamnati za ta mayar wa gidajen likita ya sha makara, har kyautar takan koma takardar sayen magani. Duk da haka mutuwar yara ƙanana ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Yaranmu sun fi rayuwa yanzu, mu ne dai har yau muke haihuwa da lissafin zamanin ƙyanda.

Kuma kada wani ya ce mu ba ma sauyawa. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya, matanmu ne suka koya wa duniya. Ɗan Saga ta ƙasar Agye baƙi suke zuwa daga nesa su ga yadda manoma suka bar kututture ya tofo har gonaki suka koma cike da itace, bayan da can ana yi wa mai barin itace a gona kallon rago. A Damagaram tun wajen 2008 aka buɗe makarantar magidanta, maza suna zama su tattauna awo da haihuwa a asibiti, ba wanda rawaninsa ya faɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mun bar wa mata jinkar tazara su kaɗai, suna ɗauka a ɓoye kamar masu sata.

Saboda haka, Malam, kai da ke riƙe da butar shayi, da kai nake, da ni, da na kusa da kai. Ba wanda ya ce ka faɗi yawan 'ya'yanka a kasuwa. Ranar awo mai zuwa ka ɗauki uwar yaran a babur ka kai ta da kanka, ka shiga ka zauna, ka tambayi ungozoma abin da ba ka gane ba, in kana da shakka ka biya wajen liman ka tambaye shi shi ma. In kun taras ba magani, ka tara 'yan fada ku je wurin magajin gari ku yi magana, haƙƙinku ne. Katin nan kuma a karɓo shi daga gidan ƙawa ya dawo ɗakin mai shi. 'Yarka da ke aji shida, ka bar ta ta ƙara gaba ko da masu kawo goro sun fara sallama.