Wace Ce Mi Amor?

Jiya da la'asar abin ya faru, kuma har yanzu in na tuna sai in ji gumi yana tsattsafo mini a ƙeya. Bari in yi sauri da asalin maganar.

Daren da Real Madrid ta doke Dortmund a Wembley a 2024 ta ɗauki kofin zakarun Turai karo na 15, na miƙe a gidan kallon ƙwallo na yi alkawarin da ba wanda ya roƙe ni: sai na taka Bernabéu da ƙafata, kuma ba tare da tafinta ba. Hujjata Umar Sadiq. Ɗan Kaduna ne, ya tafi Almería a 2020, daga can ya wuce Real Sociedad, ba a taɓa jin ya ɓata a hanya ba. Na sauke manhajar koyon Sifaniyanci, na tsallake babin gaisuwa da na abinci, na faɗa babin tafiye-tafiye, tunda baƙo hanya yake fara tambaya. Na haddace calle, titin cikin gari, da carretera, babbar hanyar da ke haɗa garuruwa, da rotonda, shataletale, da puente, gada. Na san izquierda hagu ce, derecha dama, todo recto kuma miƙe sambal. Jimlar da na fi gwanancewa a kai ita ce ta tambayar tashar jirgin ƙasa, a jihar da ba ta da dogo ko taku ɗaya, don layin da ya isa Maiduguri a 1964 ta Gombe ya bi, ko waiwayen Adamawa bai yi ba. Shi kuwa bache, ramin kan titi, sai can gaba aka koya mana. Da wanda ya taɓa bin hanyar Cham zuwa Numan da damina ne ya tsara darasin, da shi zai buɗe.

Sai wani ya ce mini harshe ba ya zama a baki sai ka kewaye kanka da shi. Na juya wayata kacokan ta koma Sifaniyanci: agogo, taswira, saƙonni, har sunayen mutane. Ofis ya zama trabajo, gida ya zama casa. Mai ɗakina ma na sauya mata suna. Za mu zo nan.

Ban daɗe da dawowa Jimeta daga Kano ba, hanya uku na sani: ta ofis, ta gida, ta gidan kallo. Surukina, tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, mutumin da ko tari yake yi sai ka ji kamar hukunci ya yanke, ya taso daga Kano da asuba shi da ƙanwarsa Goggo don su ga jikarsu. Sun biyo Gombe, Kaltungo, Numan, suka sauka tashar Jambutu a gajiye. Na durƙusa na gaishe su a cikin ƙurar nan, na loda buhun gero da jarkar man gyaɗa a but. Baba ya shiga gaba, Goggo baya. Sai Baba ya ce kafin mu je gida yana son ya gaisa da wani abokin karatunsa a Wuro Hausa, can cikin Yola, kafin magariba. Na ce, "To, Baba." Ban san inda Wuro Hausa take ba. Na lallaɓa na rubuta a taswira, na manta wayar tana haɗe da rediyon mota, rediyon kuma yana nan yadda na ƙure shi daren jiya ina jin sharhin wasa.

Wanda ya san Jambutu da la'asar ya san ba wurin shiru ba ne. 'Yan kamasho na ta kiran "Gombe, Bauchi, Jos! Kano mutum ɗaya!", masu fura da nono na ratsawa tsakanin motoci, Keke Napep sun cushe bakin ƙofa. Ga zafin Yola na bazara, na'urar sanyin motata ta daɗe da rasuwa, gilasai duk a ƙasa. A cikin wannan hayaniya wata murya ta fito daga ƙofofin mota huɗu, muryar mace, a natse, mai zaƙi:

"Gira a la derecha."

Abin haushin, na gane. Daɗin ganewar ne ya kwashe ni, hannuna ya murɗa sitiyari dama kafin idona ya duba abin da ke dama. Ita baiwar Allah daga sama take kallon tashar, fili take gani fetal. Abin da ke dama layin lodi ne. Na tsinci kaina hanci da hanci da wata Sharon da ta cika ta batse, an ɗaure kaya har saman rufi, direba ya riga ya karɓi addu'ar tafiya. Kafin in sa ribas mai baro ya tsaya a bayana da buhunan albasa, Keke biyu suka rufa masa baya.

"Wa ke magana?" in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. Bai taɓa buƙata ba.

"Taswira ce, Baba."

"Taswirar mace ce?"

Goggo ta matso da kanta tsakanin kujeru. "Wane yare ne wannan? Ba Fillanci ba ne."

Na ga dama ta samu in ja Baba zuwa fagen da yake so. Na fara bayani cewa harshen ƙasashe 20 ne, har nan kusa da mu a Malabo, tsallaken ruwa daga Kalaba, kuma cike yake da Larabci saboda Musulmi sun mulki Andalus daga 711 zuwa 1492, har ma magajin gari alcalde suke ce masa, wato alƙali. Baba ya ce, "Ban tambaye ka tarihi ba."

Nan wayar ta yi ƙara. Muryar nan dai, ta dakatar da zancen hanya, ta sanar da duk wanda ke tsakanin layin Gombe da rumfar mai shayi:

"Llamada de Mi Amor."

Allon gaban mota ya kawo haske. Mi Amor, da manyan baƙaƙe, ga jar zuciya a gefe. Ba ɗaya ba. Na tuna daren da na zauna ina jera su, ina murmushi ni kaɗai.

Da Baba ne kawai, da na sha. Amma Goggo tana zaune da jikoki masu kallon wasannin Meziko a tauraron ɗan'adam. Ta dafa ƙirji ta ce, "Miyamo! Na san wannan. Abin da mutumin nan mai gashin baki yake ce wa 'yar aikin gidansu ke nan, matarsa ba ta sani ba."

Ina so mai karatu ya tsaya nan tare da ni, don ni tun jiya a nan nake tsaye. Wayar tana ruri. Kore a hagu, ja a dama. In na danna kore, muryar 'yarsa za ta cika motar, kuma na san da sunan da za ta buɗe, sunan da take kirana da shi in mu biyu ne, wanda ya fi Mi Amor muni nesa ba kusa ba, wanda ko a wannan takarda ba zan rubuta ba. Ni da nake cire takalmi tun daga zaure in zan gaishe shi. Ni da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunan 'yarsa ba sai dai in ce "mutanen gida". Yanzu in dubi alƙali in ce, Baba, 'yarku ce nake kira masoyiyata da yaren Turawa, har da zukata? In kuwa na danna ja, na sa hannu a takardar tuhuma da kaina. Na dubi kore, na dubi ja, na dubi gemun Baba ta wutsiyar ido. Na yi zuru-zuru kamar ɓera a buta. Na ga yatsana ya tashi daga sitiyari, na ga yana tafiya a hankali, wallahi ina kallonsa kamar na wani, ya wuce kore, ya sauka kan ja.

Ɗif. Goggo ta ce, "Innalillahi. Ya kashe."

Tun jiya nake sake kallon yatsan nan. A kowane kallo ina ba shi dama ya canza ra'ayi, kuma kowane karo ja yake dannawa.

Ba a yi numfashi biyu ba ta sake kira, don mai ɗakina ba ta san a kashe mata waya ba. "Llamada de Mi Amor." Na sake kashewa. Taswirar ta karɓe, tunda ta lura na kauce: "Cambia de sentido."

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce in juya, Baba. In koma inda na fito."

Ya gyaɗa kai. "Ta fi ka hankali."

A nan Allah ya kawo ɗan kamashon. Dogo ne, da hular sanyi a wannan zafi, takardar lodi a naɗe a hannu, goro a kumatu. Da faɗa ya zo, don na tare masa mota cikakkiya, amma da ya ji muryar sai ya fasa. Ya zuro kai ta tagar Baba, ya ce, "Sannu da hanya, Baba," ya karkata kunne ga rediyo kamar likita.

"Faransanci ne," in ji shi. "Na yi lodi a Garwa. Oga, bar ni da ita."

Na ce ba Faransanci ba ne. Ya ɗaga mini hannu. Ya gyara murya, ya dubi allon, ya ce, "Madam! Dusma! Le patron e la!"

Muryar ta ce a bayan mita ɗari biyu in yi hagu.

"Ka ji? Ta sauko. Mace lallashi take so." Ya juyo gare ni, ya rage murya yadda duk tashar za ta ji. "Amma ka yi kuskure, oga. Irin waɗannan ba a kashe musu waya. Kashe waya shi ke sa su zo gida. Ka ɗauka ka ce kana sallah. In ta ce dama, bi dama, in ta ce hagu, bi hagu, kada ka yi gardama da ita a gaban manya. In kun haɗu da dare kwa warware."

Na ce, "Malam, na'ura ce."

"Duk haka muke cewa."

Direban Sharon ya kwanta a kan oda. Fasinjojinsa kuwa ba mai gaggawa kuma, wata mata har ta sauko da goyonta don ta ji da kyau. Wani dattijo mai carbi ya ce motocin Kwatano sai an yi musu hayaƙi, don ba a san wanda ya mutu a cikinsu ba. Aka kira yaron da ke cajin waya a bakin ƙofa, wai shi ne gwani. Ya karɓi wayar, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya ce, "Oga, ina wajen saiti? Ba na gane komai." Na san kalmar. Na rantse na san ta, da safe ma na gan ta. A lokacin nan ko sunan unguwarmu aka tambaye ni sai na yi tunani. Bai taɓa faɗo wa ɗayanmu ba, mu duka, cewa rediyon yana da maɓallin kashewa.

Ɗan kamasho bai gama ba. Ya ga Baba ya yi shiru yana jan carbi, sai ya ga ya dace ya yi sulhu. Ya dafa ƙofar mota ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Yaro ne. Kuma huɗu aka halatta masa, ku kun fi ni sani." Yana wa alƙali fatawa. "Ni dai abin da na gani, wannan ta san gari. Mace ta san hanya haka, ba za ta wahalar da shi ba. Tawa ko kasuwar Jimeta ta shiga sai an je an nemo ta." Ya sake leƙa allon. "Oga, tana da ƙanwa?"

Goggo ta gaji da jira. Ta kwance bakin zani ta ciro ƙaramar wayarta mai tocila, ta lalubo lamba, ta sa a kunne, kuma kamar kowace Goggo a duniya, wayarta a buɗe take magana.

"Ke, kina zaune? To zauna. Akwai magana."

Muryar mai ɗakina ta fito tar. "Goggo! Kun iso? Tun ɗazu nake kiransa yana kashe mini waya, ko lafiya?"

Goggo ta dubi allon mota. Ta dubi wayarta. Ta sake duban zukatan nan, tana ƙirgawa da leɓe.

"Yanzu ke ce kika kira? Har sau biyu?"

"Ni ce mana."

"Ke ce Miyamo?"

Aka yi shiru a can ɗaya gefen, sai wata 'yar dariya, sai ƙit, ta kashe. Ita ta samu hanyar gudu. Baba ya juya fuska waje, ya tsura wa wani buhun albasa ido kamar bai taɓa ganin albasa ba, kunnensa har rawa yake. Da a ce budurwa ce, ya san abin da zai ce, ya shekara yana faɗa wa mutane a kotu. Wannan kuwa babu shi a littafi. Can ya ce wa buhun albasar, "Ja mota."

Ɗan kamasho ya zare kansa daga taga a hankali. Ya tofar da goro. Duk girman da na samu a idonsa ya zube.

"Au, matarka ce? Ta gida? Wadda aka ɗaura muku aure?" Ya girgiza kai, ya daka wa mai baro tsawa ya matsa, ya buga bayan motata da tafin hannu. "Zo, zo, zo, yanke hagu. Ka tara mana jama'a a banza. Kawo ɗari biyu kuɗin ribas."