Wai Magidanci Ba Ya Karyawa a Waje

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Za ku ce wannan marubuci ya samu wuri, ƙoshi ya yi masa yawa, har ya tsiri yawon ɗanɗana karin kumallo a shagunan kofi, gida da waje. Wani zai ce almubazzaranci ne. Wani zai ce kwaikwayon Nasara ne. Wani kuma zai gyara zaman hula ya ce shi tun da ya ajiye iyali bai taɓa karyawa a waje ba, don mutunci ya fi ƙwai. To Alhaji, Allah ya ƙara mutunci. Amma wa nake gani kullum bayan an sallame asuba a kan bencin mai shayi wajen Agoro, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cewa a ƙara masa madara? Ƙaninka ne? Lallai kuna kama, har karin hular.

Ku bar ganin ina dariya, da gaske nake. Idan mutumin cikin birni, wanda kakansa na bakwai yake kwance a cikin ganuwa, ya ce cin waje abin kunya ne, sai in saurare shi ko da ban yarda ba. Amma ɗan Tudun Wada? Unguwar da asalinta ta baƙi ce, Turawa suka yanka ta a bayan Ƙofar Doka don 'yan Arewa da ba haifaffun birni ba? Wa ya cika ta in ban da ma'aikata da 'yan kasuwa da almajirai da gwauraye? An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya nan kusa da mu a 1945, masu jera haruffa da masu ɗinkin littafi suka zo daga garuruwa. A Kongo aka buɗe makarantar horar da akawu a 1947, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ga asibiti da masu jinya da suka kwana a kan tabarma. Duk wannan jama'a, kuna tsammani kowa da uwargidansa ya zo a jaka? Mai koko ce ta riƙe su, ita da mai ƙosai da mai waina, daga baya mai shayi ya kafa teburinsa. Da cin waje yana zubar da mutunci, da Tudun Wada ba ta haifi mai mutunci ko ɗaya ba, ga shi kuwa kun cika gari.

Bari ma in fara da yabon naku, don kada ku ce na raina gida. Ban ga mai aikin safe da ya kai mai shayi iya sana'a ba. Dubi teburinsa: gwangwanayen Milo da Bournvita da madarar Peak an jera su hawa-hawa, burodi an gina shi ta gefe, kiret ɗin ƙwai, kwalin Indomie a ƙarƙashi, tukunyar ruwa tana huci. Ba ya rubuta abin da ka ce, ba ya kuma mantawa. Mutum shida za su yi magana lokaci guda, wannan haɗin kauri, wancan ruwan bunu da lemun tsami, na ƙarshe ƙwai biyu kada ya soyu sosai, ban da attaruhu. Zai fasa ƙwan da hannu ɗaya, ya yanka albasa a tafin ɗayan ba tare da ya duba ba, yana musun ƙwallo da wani a ƙarshen benci. Sannan ya ɗauki kofi biyu ya sheƙa, ya ɗaga hannu sama shayin ya miƙe kamar igiya, ya sauka a kofin ƙasa ko ɗigo bai zube ba. Kafin ya miƙo maka ya huce daidai baki, kumfa ta taso. In ka ce a danna maka burodi, ya tsaga shi, ya cusa ƙwai, ya mayar kasko ya danne har ya yi ƙamshi. Rediyo na rataye, shirin safe na BBC na tafiya, ana fassara labarin duniya kafin mai karantawa ya kai aya. Ranar da aljihu ya bushe kuwa, ka ce “sai anjima”, ya gyaɗa kai. Nuna mini shagon kofi ɗaya a Abuja da za ka ce wa sai anjima ka fita da ƙafafunka.

Kuma wai kwaikwayon Nasara. Malam, duba abin da ke gabanka. Lipton sunan wani Bature ne ɗan Sikotlan. Alkamar burodinka mafi yawanta a jirgin ruwa ta zo. Indomie da kake rantsuwa da ita 'yar Indunusiya ce, sai a shekarun 1990 aka fara yin ta a Ota ta jihar Ogun. In asali kake nema, tashi ka koma wurin mai koko, inda gero namu ne, citta da kanumfari da barkono sun ratsa gasara, wake kuma an surfa shi an markaɗa an buga ƙullun har ya yi haske kafin ya faɗa mai. Ko kuwa ka nemi ganyen shayin da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila. Amma ka zauna da Lipton a hannu kana zagin baƙon abu, wannan sai Bazazzagi.

Yanzu in ba ku labarin abin da kuke tsoro. A Abuja, wajen Wuse da Maitama, akwai shagunan da ake zuwa da walaha a yi cin da ya haɗe karin kumallo da abincin rana. Za a miƙo maka takardar jerin abinci mai sunaye masu wuyar faɗa. Da na je, na nuna ɗaya da yatsa, aka daɗe, sai ga faranti mai faɗi, a tsakiyarsa yankan burodi guda an gasa, an shafe shi da fiya, an ɗora ƙwai ɗaya da ruwa-ruwa a cikinsa, an barbaɗa wani ganye. Fiyar nan dai ita ce wadda ake tallarta a faranti a Jos. Kofin kuma an zana masa ganye da kumfar madara, har na ji nauyin sa cokali in ɓata wa yaron shagon aikinsa. Da daɗi? Da daɗi, ba zan ci amanar harshena ba. Na ƙoshi? Allah ya isa tsakanina da faɗin farantin. Da takardar kuɗi ta zo, ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ɗaga zuwa haka a 2020, ga kuma wani kaso wai na hidima. Na biya ina murmushi irin na mai zaman makoki.

Na ji wani ya ce “Ka gani ko!” Dakata, kada ka yi saurin tafi. Shi wannan ci na walaha, wani marubuci ɗan Ingila mai suna Guy Beringer ne ya yi masa kamfe a 1895, don mutanen da suka raba dare ranar Asabar suna shagali su samu su yi barcinsu ranar Lahadi su tashi su ci mai nauyi. Su sai da aka rubuta musu maƙala. Mu manomi ya fita gona da duku-duku, sai rana ta ɗaga a kai masa abinci, ya ci sau ɗaya ya wuce har azahar. Kai kanka ranar Asabar kana komawa barci bayan asuba, ka tashi ƙarfe goma a ajiye maka ɗumamen tuwo da miyar kuka da man shanu, ka bi da kunun tsamiya, ba a sake jin motsinka sai la'asar. Me ya raba ka da 'yan Maitama? Su sun ɗauki hoto, kai ka lashe hannu.

Tafiya kuwa ita ta ƙara mini ƙarfin gwiwar tsokanar ku. Ƙetara Jibiya ka shiga Maraɗi, teburin dai shi ne, bencin shi ne, Hausar ita ce, amma burodin dogo ne siriri mai ɓawo, gadon Faransa, a tsaga shi a shafa bota ko mayonis, a haɗa maka Nescafé da madara mai kauri mai zaƙin da zai sa ka tuna likita. Wato kowa da Baturen da ya bar masa burodi. A Ankara ta Gana, ka fita da safe a Nima ko ma unguwannin da ba Bahaushe ko ɗaya, ka tarar da layi, ma'aikatan banki da ɗaurin wuya suna jiran koko da ƙosai, kuma da sunanmu suke kiran kokon. Shinkafa da wakensu da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, ita ma daga zangon Hausawa ta fita ta kama ƙasar. A birnin Salvador na Barazil, ƙosai ne ake soyawa da manja a tsaga a cusa jatan lande, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da shi. Abin da kuke aiken yaro ya sayo a ɓoye a leda, wasu sun mai da shi abin alfahari.

Sai Makka. A nan ne nake so Alhaji ya dube ni ido cikin ido. Wa ya bi layin tanderu bayan asuba yana jiran tamis mai zafi? Wa ya zauna a shago ya tsoma shi a cikin ful, waken nan da aka dafa ya yi lugub aka zuba masa mai, ya kora da shayi mai madara? Har ka dawo kana ba da labari a zaure wata guda, kana cewa burodin can ko ba haɗi ana cin sa. Wannan ba cin waje ba ne? Ko don an yi shi da riyal ya zama ibada?

Karin kumallon Ingila ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Wake ne a ruwan tumatir mai zaƙi, da ƙwai, da burodi, sauran abin da ke farantin kuma sai ka tambaya da kyau kafin ka sa hannu, don alade ba ya nisa. Kanawa ma zan wuce su da sauri, su da suke ganin an gama halittar abinci ranar da aka gasa gurasa. A yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli, a ce bandashe, Bakano ya ci ya buɗe shago yana lissafin ribar da ya ci a kan yunwarsa. Na ci, kuma ba laifi, amma kada ku gaya musu.

Akwai dai abu guda da shagon kofi ya fi bencinku, kuma ina zargin shi ne ainihin abin da ke ci muku rai, ba tsada ba. Ku ƙirga matan da kuka taɓa gani zaune a bencin mai shayi a Tudun Wada. Mace takan zo ta tsaya daga gefe, ko ta aiko yaro, a ƙulla mata a leda ta wuce. Ita ce ta tashi tun kafin kiran salla ta hura wuta, ta dama koko, ta ɗumama tuwo, ta shirya yara makaranta, sannan ta karya a tsaye da abin da ya rage, yawanci ya huce. Mai waina da mai ƙosai ma mata ne, suna ciyar da unguwa, amma wa ya taɓa ajiye musu kujera ya ce me za a kawo miki? A shagon nan na Abuja mai tsadar tsiya na ga abin da ban saba gani ba: mata huɗu da lulluɓinsu sun kewaye tebur, wata da jariri a cinya, suna hira suna dariya, wani ne ya dafa, wani ne zai wanke. Ba wanda ya dube su sau biyu. Na ga ɗaliba ita kaɗai da kwamfutarta da kofi guda, ta yi awa biyu ba wanda ya ce 'yar gidan wa ce. Nan na gane ba fiya da burodi kaɗai suke sayarwa ba, har da wurin zama, kuma wanda bai taɓa rasa wurin zama ba shi ne zai ce kuɗin ya yi yawa.

Na san raddin da ke tafe. Za ku ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ƙwai ya zama kayan gabas, burodi ya ƙanƙance, mai shayi kansa ya fara auna madara da ido biyu, wa ke da kuɗin zanen ganye a kan kofi? Gaskiyarku, kuma ban ce ku tafi Maitama ba. Zariya ba ta rasa wuraren cin abinci masu kujera da fanka ba, daga PZ har Samaru. Lissafa abin da kake bari a teburin mai shayi daga Asabar zuwa Juma'a, haɗe da na abokin da kullum ya manto kuɗinsa a ɗaya rigar. Kwana biyu kawai za ka haƙura da haɗin kauri, ya isa ka ɗauki Hajiya a Keke Napep ranar Asabar da walaha, ta zauna a kawo mata.

Sai dai in gargaɗe ka, don ni mai ƙaunarka ne. Kada ka nemi shayi a can, ruwan zafi za su ba ka da ganye a jaka ka haɗa da kanka, ranka ya ɓaci a banza. Kada ka karanta farashi da ƙarfi. In Hajiya ta ce a ƙaro mata ƙwai, kada ka yi tari. In kuwa duk wannan ya fi ƙarfinka, akwai hanya mai sauƙi da ba ta cin ko kwabo: gasara na nan a roba, ashana na kan taga, ka tashi ka dama mata kokon da kanka. Ka rufe ƙofar gida tukuna, don maƙwabcinka na hagu ɗan bencinku ne, kuma bakinsa ba ya riƙe magana.