Wane Dutsi Za Mu Hau?

Sati uku ke nan majalisarmu ta gindin dogon yaro a Ƙauran Namoda tana shirin hawan dutse, kuma har yau babu wanda ya hau abin da ya fi bencin mai shayi tsawo.

Wani ɗalibin Foliteknik ne ya jawo mana. Ya nuna mana a waya yadda Turawa ke shiga dajin Fontenbulo kusa da Faris, kowa goye da katifa kamar wanda mai gida ya ba notis. Sai su sami dutsen da bai fi soro tsawo ba, su shafe hannu da alli, su manne masa kamar ƙadangare. Babu igiya, wanda ya suɓuce ya faɗa kan katifa. Ya ce har wasannin Olamfik an kai abin, a Tokiyo a 2021. Wani ya ce ai yaran da ke kiwon awaki sun daɗe suna yi da silifas, ba su taɓa samun kofi ba. Aka yi dariya, amma magana ta zauna: a fita bayan sallar Juma'a, a dawo Lahadi kafin magariba. Saura a zaɓi dutse. Nan aka san halin kowa.

Mai kishin gida ne ya fara karɓe magana. Shi a wurinsa dutsi ɗaya Allah ya yi, na Kwatarkwashi, sauran duk tsakuwa ce. Zai ba ka labarin kamun maiki, yadda samari a da suke hawa ƙololuwa su cafko tsuntsu da hannu, yana yi yana miƙa nasa hannun har ya kusa kifar da kofin shayi. Da aka ambaci Dala sai ya taɓe baki: “Dutsin da Kanawa suka yi wa matakala da siminti? Wanga ai bene ne.” Na tambaye shi sau nawa ya hau Kwatarkwashin. Ya ce ya san shi ciki da bai. Daga baya muka gano ta tagar mota ya san shi, in za shi Funtuwa.

Ɗan hoto kuwa Zuma yake so, mai fuskar mutum, wanda aka sa a bayan takardar naira ɗari a 1999. Hawa bai dame shi ba. Ya riga ya sayi baƙin tabarau, ya kuma tsara abin da zai rubuta ƙarƙashin hoton a Facebook. An ce masa zuwa da dawowa kaɗai za su cinye hutun, ya ce ai hoto minti biyu ne.

Ma'ajinmu shi ne ya fi ba ni tausayi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya daina ganin duwatsu da tsawonsu, da lita yake auna su. Ka ce Kufena, ya zaro biro daga bayan kunne, ya yi rubutu a kwalin siga, ya ɗago ya dube ka kamar ka zagi iyayensa. Ka ce Goron Dutse, ya ce “Innalillahi.” Ranar da aka matsa masa ya kawo tasa shawara: tunda layin dogo ya iso Ƙaura tun 1929, kuma daga Zariya ya taso ya bi ta Funtuwa da Gusau, to a jira jirgi ya kai mu gindin Kufena da araha. Muka tambaye shi yaushe rabonsa da jin kukan jirgi. Ya ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. Muka ce mu hawa muka ce za mu yi, ba dafawa ba.

Akwai Malamin tarihi, mutumin Zurmi. Shi ba ya zaɓen dutse sai wanda sarki ya taɓa zama a gindinsa. Ya ce abin kunya ne Bazamfare ya tafi neman dutsen wasu alhali Dutsi na nan ƙasar Zurmi, inda sarautar Zamfara ta fara kafuwa kafin a koma Birnin Zamfara. Daga nan ya zarce Barbushe da Tsumburbura a kan Dala, ya gangaro Sarauniya Amina, shayinsa ya huce ya yi fata bai sani ba. Da aka ce, “To Malam, kai za ka shige gaba,” sai ya dafa gwiwa ya ce shi aikinsa bayani ne daga ƙasa.

Alhajin Shinkafi bai ɓata bakinsa ba. Tambayarsa ɗaya: akwai kasuwa kusa? Kuma ko motar za ta ɗauki buhu biyu na albasa, tunda dai hanya ɗaya ce?

Sai mai tsoron mutanen ɓoye. Kowane dutse ya san masu gidansa. Kada a hau da tsakar rana, kada a nuna kogo da yatsa, kada a yi fito, kada a kira sunan kowa da ƙarfi. Da ya gama jera sharuɗɗa, abin da ya rage mana na halal shi ne mu tsaya nesa mu yi wa dutsen sallama. Kusa da shi kullum ɗan “duk abin da kuka yanke” ke zama. Da an yanke zai ce, “Amma fa…” Kuma bai ba da ko sisi ba.

Na bar direbanmu ƙarshe domin shi ma sai ƙarshe yake magana. Dattijo ne da ya tsufa a kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Yana bari kowa ya gama hawa da sauka da baki, sannan ya ajiye kofi ya ce, “’Ya’yana, hanyar fa?” Sai wurin ya yi tsit. Kowa a nan ya san wanda aka tare, ko wanda aka sayar da gona aka fanso. Malamin tarihi da kansa ya sunkuyar da kai, don ya san ba a shiga ƙauyukan Zurmi yanzu sai an tambayi lafiyar hanya, an sake tambaya. Wannan tambaya ita kaɗai ce ba a taɓa yi mata gardama ba a majalisarmu.

Katifa dai an saya, da kuɗin mutum biyar. Tana jingine a shagon mai shayi, yaronsa na ƙailula a kanta. An sa ranar sake zama Juma'a mai zuwa bayan la'asar, in Allah ya kai mu. Mai zuwa ya zo da kuɗin shayinsa.