Yaronmu Ɗan Sha Bakwai Ne, Ku Tambayi Matarsa

Kowane gari mai filin ƙwallo yana da ɗan wasa guda da ya tafi. Wasu su ce gwaji ya je yi a wani kulob a Kano, wasu su ce acaɓa yake yi a Legas. Ba mai tuna shi sai an sa gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta hutun Sallah, ƙuri'a ta haɗa Dauran da Zurmi, ko Shinkafi da Ƙaura. Nan da nan sai a tuna ai ɗan gida ne, a yi karo-karo a aika masa kuɗin mota. Ranar wasa ya diro daga kan babur, an yi wa gemu kwal-kwabo, haɓa sai sheƙi, 'yan gari na ihu kamar Ahmed Musa ne ya dawo Kano Pillars a 2021. Ya shiga, ya zura biyu, ya fita yana dafe ƙugu.

Kafin alƙalin wasa ya hura tashi, garin da aka ci ya cika da lauyoyi. Mutumin da bai taɓa karanta takardar haya ta shagonsa ba sai ka ji yana jawo sashe da ƙaramin sashe a teburin mai shayi.

"Wanga ƙato ne ɗan sha bakwai? Ni hwa na ci tuwon sunan ɗiyatai ta biyu!"

"To sai mi? Auren wuri laifi ne? Ku dai ku ce kun sha kashi."

"Wallahi da shi anka yi rawa ran da anka ba mu jiha."

Wannan shaida ta ƙarshe tana da nauyi, domin ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Abacha ya yanko Zamfara daga Sakkwato, kuma ko jinjirin da aka goya zuwa wurin rawar yanzu ya isa ya tsaya takarar kansila. Sai dai magoya bayan yaro ba sa girgiza. Za su ce yayansa ne aka gani, kama ce ta yi yawa. In ka matsa, wani dattijo zai rantse cewa shi ya raɗa masa suna, kuma shekaranjiya-shekaranjiyan nan ne. Dattijon nan shi ne bara ya rantse cewa mai tsaron gidan Zurmi ya ga zuwan jirgin ƙasa na farko Ƙaura Namoda, abin da ya faru tun 1929.

Daga nan sai a nemi takarda. Takardar kuwa tana nan, sabuwa fil, hatiminta bai gama bushewa ba: rantsuwar kotu ce, wadda wani kawu ya sa wa hannu cewa a gabansa aka haifi yaron ranar 1 ga Janairu. In ka duba na sauran 'yan wasa goman, duk 1 ga Janairu ne. Ungozomar garin nan ta sha aiki a wannan dare, Allah ya saka mata.

Idan maganar shekaru ta ƙi ci, sai a koma ta zama ɗan gari. Doka ta ce ba a yarda da sojan haya ba. To wane ne ɗan gari? A wurin waɗanda suka ci, duk wanda kakarsa ta taɓa aure a unguwar, ko ubansa ya saba kwana in ya zo cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya yi zango ɗaya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura kafin a kore shi. A wurin waɗanda aka ci kuwa, sai wanda aka binne cibiyarsa a bayan ɗakin uwarsa, kuma a tono a nuna.

Kada a ga laifin mutanen karkara, daga sama aka koyo. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasan da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka ba da a baya, ta kuma ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Da Turawa suka gaji da rantsuwar kawunnai, sai a 2009 suka kawo na'urar MRI, wadda ke leƙa wuyan hannu ta ga ko ƙashi ya gama haɗewa. Ita ba ta cin goro, ba ta san ɗan wane ba. A 2016 ta kayar da yaranmu 26 ana dab da wasa da Nijar, mu da muke riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 karo na biyar, kuma Nijar ta yi waje da mu. A gidajen kallo an yanke hukunci cewa na'urar ba ta san ƙashin Bahaushe ba, wanda fura da noma ke sa shi ƙosawa da wuri.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda doka ke canza launi gwargwadon wanda ta kama. A Nuwamban 2017 Najeriya ta sa Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, a wasa da Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu. An tashi ɗaya da ɗaya, FIFA ta mayar da shi uku da nema ta ba Aljeriya. Da yake mun riga mun sami gurbin zuwa gasar cin kofin duniya a Rasha, sai kowa ya ce ɗan kuskuren ofis ne, ɗan Adam ajizi. A Maris 2025 Afirka ta Kudu, wadda muke rukuni ɗaya da ita a neman gurbin gasar cin kofin duniya, ta yi irin wannan kuskuren da Teboho Mokoena a wasanta da Lesotho. Wayyo! Wata shida cur ba a yi wata hira ba. Masu faci, masu cajin waya, direbobin Gusau, kowa ya haddace dokar ladabtarwa ta FIFA, ana tambayar me ofishin FIFA na Zurich ke jira, ko an sayi wani ne. A Satumba aka cire musu maki uku, aka yi murna kamar an ɗauko kofi. Duk da haka su suka wuce, mu kuma Kwango ta fitar da mu da bugun fanareti a Rabat.

Ni kuma ina kallon masu ihun nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kan gemun yaro ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya yi shekara shida yana da 54, don kada sittin ta riske shi a yi masa ritaya. Na kusa da shi ya je hidimar ƙasa yana "29", domin wanda ya haura 30 ba ya sa kaki, alhali babban ɗansa na rubuta jarrabawar fita sakandare. Na ukun yana da ranar haihuwa ɗaya a katin zaɓe, wata a katin ɗan ƙasa, wata a banki, kuma in zai ƙara aure akwai ta huɗu da ake gaya wa surukai. Waɗannan su ne 'yan kwamitin da za su zauna kan ƙorafin.

Zaman kwamiti kan ɗauki kwana uku da lemo katan biyu. A rana ta farko mai ƙara ya kawo hoton bikin yaro. A ta biyu wanda ake ƙara ya kawo hoton ɗan bayan masu ƙara yana riƙe da katin zaɓen 2015. A ta uku sai shugaba ya yi gyaran murya, ya ce duk 'yan uwan juna ne, Dauran da Zurmi ƙaramar hukuma ɗaya, abin kunya ne a ji kanmu, don haka a sake wasa ranar Juma'a bayan la'asar, kuma kowa ya kawo yara na gaskiya. Kowa ya ce madalla, aka shafa fatiha.

Ranar Juma'ar, Dauran ta zo da ɗan Legas ɗinta da wani abokinsa. Zurmi ta zo da mutum uku daga Gusau, ɗaya har da sanƙo. Aka jinkirta take wasa minti ashirin saboda kyaftin ɗinsu ya tsaya kai matarsa awon ciki.