Masu "Sai Gobe" a Ingal

Ana yi mana shaidar cewa "sai gobe" ba ta ƙarewa a bakinmu, kamar duk jinkiri uwarsu ɗaya. Wanda ya zauna kasuwar Ingal, garin dabinon nan da ke yamma da Agadas, inda ake yaren Tasawak a gida, Hausa a ciniki, zai gane masu ɗage magana gida biyu ne: mai ɗagewa zuwa wata rana da kowa ya sani, da mai ɗagewa zuwa ranar da shi kansa bai taɓa gani ba. Na farkon bai cancanci zagi ba. Ba'abzinen da ya ɗauki shayi da sukari bashi tun bazara ya ce "sai bikin gishiri" ya faɗi wata, domin a Satumba ne garkunan Abzinawa da na Fulani ke taruwa a nan su lashi ƙasa mai gishiri, a lokacin rago ya yi mai, aljihu ya yi nauyi. Haka mai gishirin Tigidda idan ya ce "sai rani": rana ce ke busar masa da ruwan da ya zuba a ƴan ramuka, damina kuwa ba ta jin magiya.

Gida na biyu ne ke da ƙwararru. Ga yaron mota a tasha mai "saura mutum ɗaya", wanda mutum ɗayan nan nasa tun hantsi yake tafe har la'asar bai iso ba. Idan fasinja suka fara guna-guni sai a tada inji, a ɗan ja gaba taku biyar, a kashe. Ga maƙerin da aka ba aikin tanfuk, abin wuyan Ingal mai jan dutse. Ka je ya ɗago daga kan wuta, ya nuna maka azurfa a tafin hannu ya ce "saura gogewa", alhali azurfar ta wanda ya zo jiya ce, kuma ita za a nuna wa na gobe. Mai "in sha Allah" shi ba a gane shi sai da tsawon jan kalmar: in ta fito gajera a shirya, in ya ja ta yana duban sama a nemi wata dabara. Sai sarkinsu, mutumin buro, wanda ya haɗa harshe biyu don kada a kama shi a ɗaya. Patoro ya tafi mishon, rezo ya ɗauke, dosiye na kan hanya. Wace hanya? Ko ayarin raƙuma da ke zuwa Bilma ana sanin watan dawowarsa. Manya ma na da tasu kalmar, "dakatarwa": ma'adinin uraniyum na Azelik, da kamfanin Somina ya buɗe da jarin Sinawa, ya tsaya kafin 2015 ta ƙare, aka kwashi shekaru ana cewa an kusa komawa.

Za a ce ai wannan kunya ce, Bahaushe ba ya duban idon maƙwabci ya ce "ba zan ba ka ba", sai ya ce "bari mu gani". Gaskiya ne, kuma tsakanin maƙwabta ba ta da laifi, don mai roƙo ya san fassarar, ya tafi da mutuncinsa. Amma kunyar da ta karɓi kuɗin aiki tukuna ta canza suna. Za a kuma ce sannu ba ta hana zuwa. To, a ƙarasa karin maganar: sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda ya bar dabbobi a daji ya biya kuɗin mota don takarda ɗaya, kowane "dawo jibi" akuya ce ke fita daga garkensa.

Don haka mai karatu, in aka ce maka "sai gobe" a Ingal, kada ka yi fushi, ka tambayi wata da rana. In ya ambaci Satumba, ka tafi gida ka kwanta. In ya ce "ba da jimawa ba", ka karɓi azurfarka.