Yadda Ake Zaɓar wa Uwargida Babur a Dinder Ba Tare da Magana Ta Kai Gidan Surukai Ba

Da zarar an kakkaɓe riɗi, kuɗin kaka sun shigo aljihu, sai magidanta a ƙauyukan Hausawa na gefen kogin Dinder su fara tuno alkawuran da suka ɗauka lokacin da babu. Wani kwanon rufi ya yi alkawari, wani katifa. Akwai kuma wanda, a wani daren damina da yaro ya kwana da zazzaɓi kuma ba a sami amalanken jaki ba sai da gari ya waye, ya ce wa matarsa: "In Allah ya kai mu kaka, zan saya miki abin hawa ki koya." Mata ba su mantuwa da irin wannan magana. To, kaka ta yi, kuma wannan bawan Allah yana bukatar mai ba shi shawara kafin ya shiga kasuwa.

Ya fara da gyara suna. A bakin mutanen Sudan, babur shi ne "motar", mota kuwa "arabiyya". In uwargida ta buga waya ga dangi a Kano ko Sakkwato ta ce Malam ya sayo mata motar, kafin la'asar labari ya zaga dangi cewa 'yarsu ta yi mota, kuma ƙannen amarya da ke shirin biki za su fara lissafin gudummawa daidai da arzikin da suka ji. Sai a riƙa cewa "babur" ko "mashin" duk lokacin da za a yi waya zuwa yamma.

Jarrabawa ta gaske tana wurin dillali. Maigida zai shiga da niyyar saya wa matarsa, sai idonsa ya faɗa kan Boxer, ɗan ƙasar Indiya na kamfanin Bajaj, wanda ke ɗaukar mutum biyu da buhu ya haura tudu bai yi tari ba. Nan take zuciya za ta fara kawo masa hujjoji: ai mai ƙarfi ya fi ƙarko, ai wata rana shi ma zai ara ya kai albasa Sinja. Duk wanda ya ji kansa yana cewa "ni ma zan ɗan riƙa ara" ya sani wa kansa yake saye. Babban Boxer ya haura kilo 120, ya fi buhun dawa nauyi nesa ba kusa ba, kuma mai koyo takan kayar da abin hawa fiye da sau ɗaya a makon farko. Babur ɗin da ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba in ya kwanta a hanyar gona, bai zama nata ba tukuna.

Don haka ya tafi da ita kasuwa, ko a kawo babur ɗin gida a gwada. Ta zauna a kan sirdi, a duba: tafin ƙafafunta biyu sun taɓa ƙasa sosai? In da kan yatsu take dogarawa, a canja wani. Hannunta ya kai birki ba tare da ta saki kan babur ba? Sa'annan ta tura shi taku ashirin, ta juyo da shi, ta ɗora shi a kan jak. Mai sayarwa zai ce za ta saba. Haka yake ce wa kowa.

Irin da ya fi dacewa shi ne wanda mutanen Kano ke kira roba-roba, mai buɗaɗɗen tsakiya, wanda ake hawa ba sai an ɗaga ƙafa ta bayan sirdi ba. Kakansa shi ne Super Cub na kamfanin Honda, wanda aka fara ƙerawa a Jafan a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Dabarar da ta sa ya karɓu ita ce babu kulocin hannu: mutum ya sassauta totur, ya taka giya, shi ke nan. An ƙera shi ne yadda masu kai taliya gida-gida a Jafan za su iya tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da faranti. Uwargida dai ta riƙe da hannu biyu. Amma duk wanda ya taɓa koyon sakin kuloci, babur yana tsalle kamar ɗan akuya yana mutuwa, yara suna tafi, ya san girman alherin da aka yi mata. Ire-irensa na ƙasar Sin, kamar Lifan da Haojue, masu inji mai cc 110, nauyinsu wajen kilo 100 ne ko ƙasa da haka, kuma ba su da ci wajen mai.

Sai maganar ƙasa, wadda ita ce alƙali a Dinder. Baƙar laka ce, irin wadda ta ciyar da audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Da rani takan tsattsage har ƙafar ɗan maraƙi ta faɗa, da damina kuma ta koma danƙo mai cire wa mutum takalmi. Ko gandun dajin Dinder, wanda aka keɓe tun 1935, hanyoyinsa ba su biyuwa in ruwa ya sauka. A irin wannan ƙasa, ɗan sikuta mai ƙananan tayoyi, kyakkyawa mai madubi kamar na amarya, na kwaltar birnin Madani ne. A nemi mai taya inci 17, mai zanen da ke kama ƙasa. A duba tazarar da ke tsakanin tayar gaba da murfinta, domin in ta yi kaɗan laka za ta cushe wurin har taya ta daina juyawa, mai babur ta sauka tana ƙwaƙula da tsinke. A tabbata yana da kik ban da maɓallin tayarwa, saboda batir yakan zaɓi ranar da aka fi sauri ya mutu. Ƙayar aduwa da ta dushe kuwa ba su san sabon babur ba, don haka famfo da kayan faci su shiga cikin kuɗin saye tun farko. Kafin a biya, maigida ya leƙa wurin makanikin garin ya tambaye shi wane iri ne yake da kayan gyaransa a rataye. Wanda sai an aika Khartum neman sarƙarsa zai ƙare a zaure, kaji suna kwana a kai.

Akwai abin da ba raha a cikinsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma ya iso Sinja da Dinder a tsakiyar 2024 kafin sojojin gwamnati su ƙwato su a ƙarshen shekarar, an kwashe wa bayin Allah ababen hawa masu yawa. Babur na hannu mai araha fiye da kima, wanda mai shi ke cewa takardu sun ɓace, wataƙila hawayen wani ne. A nemi takardu, a gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce, a yi ciniki gaban shaidu, a kuma tambayi hukuma dokar da ke aiki kan hawan babur a yankin, domin takan canja da yanayin tsaro.

Tob ma sai an zauna da shi an yi sulhu. Mayafi ne mai tsawon sama da mita huɗu, kuma sarƙar babur ba ta ƙin kyauta. A 1927, a birnin Nis na Faransa, shahararriyar mai rawa Isadora Duncan ta rasa ranta domin gyalenta ya shiga tayar mota. A Indiya doka ce a sa wa babur raga a gefen tayar baya saboda sari na mata, kuma kowane mai walda a kasuwa zai iya yin irinta cikin yini ɗaya. A sa raga, a rufe sarƙa, uwargida ta tattara gefen tob ta soke, ta sa wando a ciki saboda salansa mai ƙuna, ta bar silifa a gida. Hular kwano kuma wajibi ce ko da zuwa gidan suna ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin ɗari, mummunan raunin kai kuma da wajen kashi 70. A gwada ta a kan ɗankwali da kitso, kada a sayo a ka.

Wurin koyo, filin ƙwallo da sassafe ya fi, kafin yara su farka su zama 'yan kallo. Maigida ya sani bakinsa ya fi rami haɗari. Kada ya bi ta da gudu yana ihun "Birki! Birki!", domin mai koyo in ta firgita totur take murɗawa. Ya fara koya mata tsayawa kafin tafiya, ya nuna mata cewa damƙe birkin gaba a cikin rairayi kayarwa yake yi, kuma inda ido ya kalla nan babur ke zuwa: wadda ta zuba wa jaki ido, wurin jakin za ta. In ta faɗi, tambayar farko ita ce "Sannu, ba ki ji ciwo ba?" Duba fitila ya biyo baya, can bayan ta shiga gida. Wanda ya san yana da saurin fushi ya roƙi ƙaninta ya koya mata, shi kuma ya zauna inuwa ya sayi agashe.

Masu magana za su yi. Za a ce a majalisa yaushe mace ta fara hawan babur. Amsa tana kusa. A Wagadugu da Bamako mata da babur suke zuwa kasuwa da ofis, goyo a baya. Kuma a nan bakin Kogin Nilu, jama'ar da ta bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har da mata a cikinta, sun ratso ƙasar Cadi da Darfur da Kurdufan a ƙafa da kan jaki kafin a kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Jikanyar waɗannan mata ba za ta kasa kai yaro asibiti a kan ƙafa biyu na roba ba.

Mai mata biyu kuwa ya yi lissafinsa tun yana wurin dillali, ya tambayi farashin guda biyu, launi ɗaya. In riɗi bai kai ba, a zauna a tsara hawa yadda ake tsara girki, a kuma yanka makulli biyu. Na maigida babu a ciki. Ranar da yake son kai albasa Sinja, sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya yi sallama, ya ce: "Uwargida, ko za a taimaka mini da aron motar?" Ita kuma ta tambaye shi ko zai dawo da tanki cike.