Ku Gama Dariyar, Masu Kallon Fure Na Jiran Ku

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Ai na ga Alhaji ya karkace hula, Hajiya kuma ta riƙe haɓa. Wai a ce ƙasa guda, da masu ƙera mota da masu tuƙa jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, su ajiye abin da suke yi su je gindin bishiya su zauna suna kallon fure? Babu ɗaurin aure, babu suna, babu rabon gado? To haka abin yake. A Japan ake yi, sunansa hanami, ma'anarsa kallon fure, ba ƙari ba ragi. Itacen kuma sakura suke ce masa, dangin ceri ne. Ku yi dariyarku ta ishe ku, ni ba sauri nake ba.

Alhaji ne zai fara, da yake ɗan kasuwa ne: "To malam, in furen ya zube, nawa ake sayar da kwandon 'ya'yan?" Alhaji, gyara zama kada ka faɗi. Ba a sayarwa. Irin da suka fi shukawa, in ma ya yi 'ya'ya, 'yan mitsi-mitsi ne masu ɗaci, sai dai tsuntsaye su yi shagali. Furen kansa bai fi mako guda zuwa kwana goma ba a kan reshe, in iska ko ruwan sama suka yi masa shigar sauri ma bai kai haka. Na ji ka ce asara. Ajiye wannan kalmar a aljihu, za mu dawo kanta.

Irin nan da suka fi shukawa sunansa Somei Yoshino, kuma masu lambu na wani ƙauye da ake kira Somei ne suka yaɗa shi a ƙarni na 19, ƙauyen da yanzu birnin Tokiyo ya haɗiye. Ba ƙwallo ake binnewa ya tsiro ba, aure ake yi masa, kamar yadda mai lambu ke yi wa mangwaro. A yanko reshe a ɗaura a jikin wani, na gaba ma daga wannan za a yanko. Saboda haka dubban itatuwan nan duk jiki ɗaya ne, halinsu ɗaya, agogonsu ɗaya. In ɗumi ya kai inda suke so, sai su buɗe tare kamar an buga musu ƙararrawa, tun ganye bai fito ba, a wayi gari ko'ina fari fat da ɗan surkin ruwan hoda. In za su zube ma tare suke zubewa.

Yanzu ga inda za ku ce na fara shara ta. Hukumar kula da yanayi ta ƙasar tana da itace guda da ta ware a kowane yanki don awo. Na Tokiyo yana harabar wurin bautar Yasukuni. In Maris ya raba tsakiya, ma'aikacin hukuma zai zo da kwat ɗinsa ya tsaya gindin itacen, ya ɗaga kai, yana bin rassa da ido ɗaya bayan ɗaya. Bayansa 'yan jarida ne cunkus da kyamarori, kowa ya yi tsit. Yana ƙirga fure ne, jama'a. In ya samu huɗu, sai ya ce yau dai ba ta yi ba, a dawo gobe. In ya samu biyar ko shida, sai ya juyo ya sanar cewa sakura ta buɗe a Tokiyo, mutane su ɗauki tafi, labari ya shiga talabijin kafin ya koma ofis. In kashi 80 cikin ɗari na toho ya buɗe, shi ne suke cewa ta cika. A 2007 hukumar ta yi kuskuren lissafi wajen hasashen ranar buɗewa, sai da jami'anta suka fito suka ba al'umma haƙuri. A kan fure! Malam, kai da aka yi maka alkawarin gyara famfon unguwa tun ɗanka na goye, ga shi yanzu yana sakandare, wa ya taɓa zuwa ba ka haƙuri?

Ba rana ɗaya ake yi a duk ƙasar ba, da yake doguwa ce daga kudu zuwa arewa. Tsibirin Okinawa ke buɗe fage tun Janairu da wani iri mai jan fure. Tokiyo da Kiyoto sai ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, Hokkaido kuwa can ƙuryar arewa sai ƙarshen Afrilu har cikin Mayu. Ana nuna tafiyar furen a taswira cikin labaran yanayi, kamar yadda ake bin hadari.

Hajiya ta ce duk ta ji, amma zaman me ake yi? Yauwa Hajiya, kin zo gidan. Ranar 1 ga Afrilu sabuwar shekarar aiki ke farawa a Japan, makarantu ma a watan suke buɗe sabon zango, wato daidai lokacin furen. Sai ka ga yaro ya gama jami'a, an ɗauke shi aiki a babban kamfani, ya sayi sabuwar kwat, yana jiran a ba shi tebur da kwamfuta. Aikin farko da wasu ofisoshi ke ba shi: ungo wannan shuɗin tamfol, je ka lambu tun da sassafe ka kama mana wuri. Haka zai shimfiɗa, ya danne gefuna kada iska ta ɗauke, ya cire takalmi ya ajiye a baki, ya zauna shi kaɗai a tsakiya cikin sanyi yana danna waya, fure na faɗo masa a ka, har yamma ta yi manya su iso da abinci. Kada wanda ya yi masa dariya a cikinku. Wa kuke aikawa da darduma tun hantsi ya kama muku sahun gaba? Wa ke riƙe muku layi a gidan mai?

Da manya sun iso sai a buɗe akwatunan abinci, shinkafa da kifi da soyayyar kaza da ƙwai, a zauna a kewaye, hira ta ɓarke. Akwai wani abu da ake kira dango, dunƙulen garin shinkafa ne kamar ƙananan fura, guda uku a soke a tsinke irin na tsire, ɗaya ruwan hoda, ɗaya fari, ɗaya kore. Kuma tun kafin ku zolaye su, su sun riga sun zolayi kansu, don suna da karin magana, hana yori dango, wato dango ya fi fure. Sun san da yawansu ciki ne ya kawo su. To ku gaya mini, mutane sun shimfiɗa abin zama a gindin itace, sun cire takalma, ana ci ana caccakar duniya, me ake kiran wannan a unguwarku? Majalisa ce, Alhaji. Bambancin kawai, su sukan ɗaga kai sama jefi-jefi, kai kuwa shekara ashirin kana zama gindin darbejiyar ƙofar gidanka, in na tambaye ka watan da take fure sai ka ce in bari ka tuna.

Wani daga baya ya ɗaga murya wai abin 'yan zamani ne, rashin aikin yi. Kawu, abin ya girmi kakan kakanka. Da fari furen wani itace da ake kira ume manyan fada ke kallo, al'adar da suka koya daga Sin, daga baya hankali ya koma kan sakura. A shekarar 812 Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a lambun Shinsen-en da ke Kiyoto, an kuma rubuta. A 1598 Toyotomi Hideyoshi, mutumin da ya haɗe Japan da ƙarfin takobi, ya sa aka dasa itatuwa wajen 700 a wurin bautar Daigo-ji don walimar yini ɗaya, ya tara baƙi fiye da dubu. Watanni kaɗan bayan nan ya mutu. Talaka kuwa ya samu shiga sosai ne a zamanin mulkin Tokugawa Yoshimune, wanda a 1720 ya sa aka dasa sakura a tudun Asukayama aka bar kowa ya zo. In kuma kana cikin mutanen nan da ba sa yarda da abu sai sun ji Amurka ta yi, to a 1912 birnin Tokiyo ya aika wa Washinton kyautar itatuwa sama da 3,000, har yau suna can ana tururuwar kallonsu. Na farkon da aka aika a 1910 ƙone su aka yi, don an same su da ƙwari. Japanawa ba su yi fushi ba, suka sake aikowa.

Tunda na ga jikinku ya fara sanyi, bari in gaya muku inda za ku. Mai son hayaniya ya nufi lambun Ueno a Tokiyo, inda tamfol ke gogar tamfol. Liman kuma, na san abin da ke ranka, ka ji ana shan giya a wurin. Ana sha, ba zan ɓoye maka ba. Amma lambun Shinjuku Gyoen an hana shiga da ita, kuɗin ƙofa kawai za ka biya, ga itatuwa kusan dubu iri-iri, wani na zubewa wani na buɗewa. Uzurinka ya ƙare. A Chidorigafuchi kwalekwale ake haya a bi ruwan da ya kewaye fadar sarki, rassa na sunkuyowa a kai. Kogin Meguro kuwa da dare ya fi, in an kunna fitilu.

Amma in ni za a bi, a bar Tokiyo. Dutsen Yoshino a yankin Nara yana ɗauke da itatuwa wajen 30,000, kuma da yake sama ta fi ƙasa sanyi, furen daga gindin dutse yake farawa ya riƙa hawa a hankali, wanda ya makara a ƙasa sai ya bi shi sama. Sai Hirosaki a arewa, garin manoman tuffa. Dabarar datse rassa da suke yi wa tuffa ita suka juyo da ita kan sakura wajen 2,600 da ke kewaye da tsohuwar fadar garin, shi ya sa furensu ke yin cunkus. Can ma ranar zubewa ta fi ranar buɗewa kyau. Furen kan rufe ruwan da ke zagaye da fadar ruf, har baƙo ya ɗauka shimfiɗa ce ya nemi takawa. A Miharu ta yankin Fukushima kuma itace ɗaya tal ake zuwa gani, mai rassa zube kamar ruwa na gangarowa, an ƙiyasta ya haura shekara dubu. Da a wajenmu yake, da tuni masu sassaƙe sun gama da shi, an ce maganin basir ne.

Alhaji, fito da kalmar nan taka ta asara. Mutanen Kiyoto sun yi ta rubuta ranar da fure ya cika a littattafan fada da na wuraren bauta, shekara bayan shekara, ba don komai ba sai don walima. Wani masani mai suna Yasuyuki Aono ya bi ya tattara ranakun har zuwa ƙarni na 9. Da can wajen tsakiyar Afrilu furen ke cika, yanzu ya matso farkon watan, a 2021 ma ranar 26 ga Maris ya cika, abin da ba a taɓa gani ba a duk rubutun kafin shekarar. Ɗumamar duniya da zafin birni ne suka jawo. Yau masana yanayi na duniya da wannan lissafin masu shagali suke kafa hujja. Kai da kake rantsuwa damina ta canza, a wane littafi kakanka ya rubuta ranar ruwan shuka?

Saura gargaɗi, musamman ga Hajiya. Ba a karya reshe don tsaraba, ba a girgiza itace don hoto ya yi kyau, kuma sharar da kika tara ke za ki kwashe abarki. Alhaji kuma in Allah ya kai ka, ka cire takalmi kafin ka hau tamfol ɗin mutane, ka sa rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga, kuma don Allah kada ka tambayi kowa kuɗin kwando.